Kurmin Sangha: Yadda Ƙasashe Uku Suka Haɗa Hannu a Kan Daji Ɗaya

A ƙarshen watan Maris na 2013, a kwanakin da mayaƙan Seleka suka ƙwace Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suka kifar da gwamnatin Francois Bozize, wata masaniyar giwaye 'yar Amurka mai suna Andrea Turkalo ta shiga jirgin ruwa a garin Bayanga tare da wasu ma'aikatan gandun daji, suka bi Kogin Sangha suka gangara kudu. Ta shafe fiye da shekara 20 tana zama a bakin wani fili da ke tsakiyar kurmi tana ƙidayar giwaye, har ta san fiye da 4,000 daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar tsagar kunne da siffar haure. Inda jirgin ya sauke su shi ne Bomassa, hedikwatar gandun dajin Nuwabale-Ndoki a Jamhuriyar Kongo, wato wata ƙasa dabam, amma kurmin ɗaya ne, kuma waɗanda suka tarbe su abokan aiki ne da suka daɗe da sanin juna. Wannan tafiya ta nuna amfanin yarjejeniyar da Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kongo suka ƙulla fiye da shekara 12 kafin nan. Abin da ya faru makonni kaɗan bayan tafiyar kuma ya nuna inda ƙarfinta ya tsaya.

Kogin da dajin

Kogin Sangha yana samuwa ne a garin Nola, inda kogunan Kadeyi da Mambere suka haɗu, daga nan ya yi kudu ya zama iyaka tsakanin Kamaru da Afirka ta Tsakiya, sa'an nan tsakanin Kamaru da Kongo, ya wuce ta garin Wesso, har ya je ya faɗa babban Kogin Kongo. A daidai inda ƙasashen uku suka yi kafaɗa da juna akwai gandun daji uku. A gefen Afirka ta Tsakiya akwai Dzanga-Ndoki, wanda aka kafa a 1990 tare da wani keɓaɓɓen yanki da ke kewaye da shi mai suna Dzanga-Sangha. A gefen Kongo akwai Nuwabale-Ndoki, na 1993, wanda shi ne mafi girma, kuma yawancinsa bai taɓa jin ƙarar injin yankan katako ba. A gefen Kamaru akwai Lobeke, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 2001. Jimillar faɗinsu ta kai kusan hekta 750,000, kuma akwai wata hekta kusan miliyan 1.8 da ke zagaye da su a matsayin katanga, inda ake yankan katako da farauta da noma bisa ƙa'ida.

Wanda ya saba da dajin arewa, inda ido ke kai wa nesa, zai yi wuya ya kwatanta wannan kurmi. Itatuwa suna rufe sama har rana ba ta isa ƙasa sai ta ratse, giwa na iya tsayawa taku 20 daga mutum bai gan ta ba. Shi ya sa filayen da mutanen wurin ke kira bai suke da daraja. Bai fili ne buɗaɗɗe mai laka da ruwa, ƙasarsa cike da gishiri da ma'adinai, kuma dabbobi na zuwa lasa kamar yadda makiyayi ke kai shanunsa ga kanwa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dzanga Bai, wanda tsawonsa bai wuce rabin kilomita ba, amma a yini ɗaya ana iya ganin giwaye daga 50 zuwa 100, wani lokaci ma fiye, suna cusa hanci cikin ramukan da suka haƙa da kansu suna busa iska don su tayar da ruwan gishirin da ke ƙasa. A gefensu ɓauna ja na kwance cikin laka, aladun daji na tono, garken aku masu jar wutsiya na sauka su ci ƙasa su tashi. A Kongo akwai Mbeli Bai, inda ake bin rayuwar gwaggon biri tun 1995, a Lobeke kuma akwai filaye irin waɗannan da dama.

Giwar da ta sha gishiri a Dzanga yau tana iya zama a Kongo bayan kwana uku, idan 'ya'yan itatuwan can sun nuna. Mafarauci ma haka yake: ya harbe dabba a wannan gaɓa, ya shiga kwalekwale, cikin mintuna ya ƙetara zuwa ƙasar da mai gadin da ke bin sa ba shi da ikon taka ƙafa. Iyakokin nan Turawan Jamus da na Faransa ne suka shata su, kuma sun sauya su fiye da sau ɗaya, domin a 1911 Faransa ta miƙa wa Jamus yankin Sangha, bayan yaƙin duniya na farko ta karɓe shi. Mutanen kurmin, wato Baka a Kamaru, BaAka a Afirka ta Tsakiya, Mbenjele a Kongo, da masunta 'yan ƙabilar Sangha-Sangha da manoma Bangando, sun ci gaba da aure da ziyara da ciniki a gaɓa biyu kamar yadda suka gada.

Yadda aka kai ga sa hannu

Haɗin kan bai faro daga fadar shugabanni ba, ya faro ne daga ma'aikatan da ke cikin dajin. Tun a shekarun 1990 ƙungiyar kare namun daji ta duniya WWF na aiki a Bayanga da kudu maso gabashin Kamaru, takwararta WCS ta Amurka na aiki a Bomassa, hukumar raya ƙasashe ta Jamus kuma tana tallafa wa sassan uku. Masu kula da gandun sun fara ziyartar juna da musayar labarin mafarauta tun ba takarda a hannunsu. A watan Maris na 1999 shugabannin ƙasashen yankin suka yi taro a Yawunde suka fitar da sanarwa kan dazuzzukan yankin tsakiyar Afirka, wadda a cikinta suka yi alkawarin kafa gandun daji na haɗin gwiwa a kan iyakoki. A watan Disamba na 2000 ministocin ƙasashen uku suka sa hannu a kan yarjejeniyar Sangha, ta zama ta farko irinta a yankin. A 2005, a Brazabil, aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba hukumar COMIFAC, mai kula da dazuzzukan yankin, cikakken matsayi na doka, kuma a ƙarƙashin inuwarta gandun na Sangha yake.

Akwai abubuwan da suka sauƙaƙa wannan aiki waɗanda ba kowace iyaka ke da su ba. Ƙasashen uku duk da Faransanci suke aikin gwamnati, dokokinsu na daji sun fito daga tushe ɗaya, kuɗinsu ɗaya ne, wato sefa ta Afirka ta Tsakiya, kuma babu rigimar ƙasa a tsakaninsu a wannan wuri. Ga shi kuma yankin ya yi nisa da manyan biranen uku, ba wani babban mai faɗa a ji da yake ganin za a taɓa masa gona. Duk wanda zai ɗauki Sangha a matsayin abin koyi ga wata iyaka, misali tsakanin gandun Kuros Riba na Najeriya da na Korup da Takamanda a Kamaru, dole ya fara lissafa nawa daga cikin waɗannan sauƙaƙan yake da su.

A watan Yuli na 2012 hukumar UNESCO ta sanya Sangha cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Abin lura shi ne, shekara guda kafin nan kwamitin hukumar ya mayar da takardar neman, kuma daga cikin gyare-gyaren da ya nema akwai ƙara shigar da mazauna wurin da 'yan asalin kurmin cikin shawarar. Ke nan tun a ranar farko an san inda rauni yake.

Abin da yarjejeniyar ta haifar a aikace

Abu na farko shi ne sintiri. An amince masu gadin daji na ƙasa biyu ko uku su fita tare a jirgi ɗaya a kan kogin da gefensa, ta yadda duk gaɓar da mai laifi ya faɗa akwai jami'in da ke da ikon kama shi a cikin tawagar. An kafa runduna ta haɗin gwiwa mai sansani a Nyangute, a bakin kogin, an kuma yi wata yarjejeniya da ta ba ma'aikatan gandun damar ƙetara iyaka ba tare da wahalar biza ba. Shugabannin gandun uku suna zama lokaci-lokaci su tsara aiki, gwamnonin yankunan su ma suna da nasu zama. Wannan duka ba ya cika kunne, amma shi ne ginshiƙin aikin, domin sanin juna da aka yi a irin waɗannan tarurruka shi ya buɗe ƙofar Bomassa a 2013.

Abu na biyu kuɗi ne, kuma a ganina nan ne aka fi yin dabara. Aikin gandun daji a Afirka ya saba rayuwa a kan tallafi na shekara uku ko biyar, in ya ƙare albashi ya tsaya, mai ya ƙare a jirgi, masu gadi su watse. A 2007 aka kafa gidauniyar Sangha, asusun amana wanda Jamus da Faransa suka fi zuba wa jari, ana juya uwar kuɗin a kasuwannin duniya, ribar kawai ake rabawa gandun uku kowace shekara. Ribar ba ta isa ta ɗauki dukkan nauyin ba, sai dai tana zuwa ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya, kuma ba ta jiran kasafin kuɗin wata gwamnati. Illarta ita ce ta ƙara tabbatar da cewa hannun da ke ciyar da gandun yana ƙetaren teku.

Abu na uku, shari'a, shi ne ya fi tafiyar hawainiya, saboda kowace ƙasa da kotunta da ma'aunin hukuncinta, kuma an sha kama mutum da haure a sake ganin sa a kasuwa bayan wata biyu. An sami sauyi a watan Agusta na 2020, lokacin da kotun manyan laifuka a Wesso ta yanke wa wani madugun mafarauta ɗaurin shekara 30, bayan an same shi da laifin fataucin haure da yunƙurin kashe masu gadin Nuwabale-Ndoki. Shi ne karo na farko da aka kai irin wannan shari'a gaban kotun manyan laifuka a Kongo.

Ranar gwaji

A ranar 6 ga Mayu, 2013, mutum 17 ɗauke da bindigogin yaƙi, waɗanda suka ce suna tare da sababbin masu mulki, suka shiga Dzanga Bai. Suka hau dandamalin katakon da Turkalo ta yi shekaru tana zama a kai da na'urar hangen nesa da littafinta, daga nan suka buɗe wuta. Aƙalla giwaye 26 suka mutu, har da 'yan ƙanana. An sare haure an bar gawarwaki a cikin laka, mutanen ƙauyukan kusa kuma, waɗanda yaƙi ya yanke musu hanyar abinci, suka zo suka yanki nama. Masu gadin da ke wurin ba su da makamin da za su tunkari irin wannan runduna, kuma ba wani sojan Kamaru ko na Kongo da yarjejeniyar ta ba izinin ƙetarowa ya kare giwar maƙwabci. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, ranar da ɗaya daga cikin gwamnatocin ta rushe sai ƙafa ɗaya ta murhun ta karye.

Nauyin wannan asara ba a gane shi sai an san yadda giwar kurmi ke haihuwa. Bayanan da aka tara a Dzanga sun nuna cewa mace ba ta yin haihuwar fari sai ta kai kimanin shekara 23, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara biyar zuwa shida ne. Wani babban bincike da aka wallafa a wannan shekarar ta 2013 ya nuna cewa giwayen kurmin yankin tsakiyar Afirka sun ragu da kashi 62 cikin 100 tsakanin 2002 da 2011. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka, abin da bindiga ta ɗauke cikin shekara goma sai an yi kusan ƙarni kafin ya dawo. A 2021 aka sanya giwar kurmi a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa.

Duk da haka Dzanga-Sangha bai mutu ba. Ma'aikata 'yan ƙasa da suka ƙi gudu sun ci gaba da bin gwaggon birin da aka saba da mutane a Bai Hoku, wani sansani a cikin gandun, tallafi ya ci gaba da shigowa ta gaɓar Kongo da ta Kamaru, giwaye kuma suka koma filin bayan 'yan makonni. Yaƙin ya ci mutane fiye da yadda ya ci dabbobi: a farkon 2014, da mayaƙan Anti-Balaka, abokan gabar Seleka, suka mamaye kudu maso yammacin Afirka ta Tsakiya, Musulmin garuruwa irin su Nola da Berberati da Karno, cikinsu har da 'yan kasuwa Hausawa da makiyaya Fulani da suka yi zuriya a can, sun tsere Kamaru da abin da hannu zai iya ɗauka.

Katangar katako

Gandun uku tsibirai ne a cikin tekun dajin da aka ba kamfanonin katako haya. A nan ne maganar ci gaba mai ɗorewa take samun ma'ana ko ta rasa, domin albashin da ke shiga gidajen yankin daga katako yake fitowa, ba daga kallon giwa ba. Yankan da ake yi na zaɓe ne, a hekta guda ba a cika sare fiye da itace ɗaya ko biyu ba, galibi sapeli ko ayus. Saboda haka ba sarar itacen ce ke kashe dabba ba, hanyar da aka buɗe don ɗauko shi ce. Hanya tana kawo babbar mota, mota tana kawo ma'aikaci da iyalinsa da mai neman aiki da mai sayar musu da abinci, kuma a inda babu shanu saboda ƙudan tsando, naman da za a ci daga daji zai fito. Binciken da aka yi a garuruwan katako na arewacin Kongo ya nuna cewa cikin shekara shida jama'arsu ta ƙaru da kashi 69 cikin 100, naman dajin da ke shiga kasuwanninsu kuma ya ƙaru da kashi 64.

Giwaye sun fahimci hanya tun kafin masu bincike su fahimce ta. An ɗaura wa giwaye 28 na'urar bin sawu a dazuzzukan yankin, aka ga suna ƙin ƙetara duk hanyar da ba a gadin ta. Guda ɗaya tak ta ƙetara irin wannan hanya, ita ma da gudu ninki 14 na tafiyar da ta saba. Ke nan hanyar da ba mai tsaro tana zame wa giwa katangar kurkuku, ko da dajin da ke gaba lafiyayye ne.

Amsar da aka gwada a Kongo ta cancanci a tsaya a kanta. A 1999 ma'aikatar daji da WCS da kamfanin katako na CIB, mai hedikwata a Pokola, suka ƙulla yarjejeniya ta kula da namun daji a cikin hayar kamfanin da ke manne da Nuwabale-Ndoki. Aka hana direbobin kamfanin ɗaukar mafarauta da naman daji, aka kafa shingayen bincike, aka haramta tarkon waya, aka ware wa kowane ƙauye yankin farautarsa, aka riƙa rufe hanyoyin da aka gama aiki da su, kamfanin kuma ya shiga shigo da naman shanu da kifi don ma'aikatansa. A 2001 kamfanin ya sadaukar da haƙƙinsa na yanka a kusurwar Guwalugo, inda ake da birin cimfanzi da ba su san tsoron mutum ba, daga baya aka haɗe wurin da gandun. A 2006 hayarsa ta Kabo ta sami shaidar FSC ta yankan katako bisa ƙa'ida. Wani bincike na 2024 da aka yi da kyamarorin daji a Gabon da Kongo ya tabbatar da cewa manyan dabbobi irin su giwa da gwaggon biri sun fi yawa nesa ba kusa ba a hayar da ke da irin wannan shaida.

Sai dai wannan tsari ya rataya ne a kan niyyar kamfani da matsin masu sayen katako a Turai. Kamfanin da kasuwarsa ba ta tambayar shaida ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan shinge. Bayanga kuwa ta ɗanɗani ɗaya fuskar lamarin: tun farkon shekarun 1970 da wani kamfanin Yugoslabiya ya kafa injin katako a garin, an yi ta buɗewa ana rufewa, kuma duk lokacin da aka rufe, ɗaruruwan mutanen da aikin ya jawo daga nesa sukan zauna ba albashi, su juya ga tarko da haƙar lu'ulu'u.

Iyakar da ta fi wuyar ƙetarewa

Ga Baka da 'yan uwansu, kurmi shi ne gona da rumbu da kantin magani da wurin ibada. BaAka suna fita farautar raga maza da mata, a kewaye wani yanki da ragar da aka saƙa da ɓawon kurangar daji, a yi ta kuwwa har gada ta faɗa. Suna hawa itace mai tsawon gaske don ɗibar zuma, suna tonon doyar daji su mayar da kanta cikin rami don ta sake tohowa, suna tara ƙwallon mangwaron daji, wanda 'yan kasuwa ke kai wa har kudancin Najeriya inda ake miyar ogbono da shi. A wani lokaci na damina wasu tsutsotsi masu maiƙo suna zubowa daga itacen sapeli, su zama abincin gida a daidai lokacin da farauta ke wuya, kuma itacen nan shi ne wanda kamfanin katako ya fi so. Baka suna da al'adar tafiya mai tsawo da suke kira molongo, inda dangi duka ke shiga can ciki su yi watanni, kuma a nan yara ke koyon sunan kowane ganye da sawun kowace dabba.

Da aka shata gandun, dokar ta hana farauta da kwana a cikinsu. A waje kuma, musamman a Kamaru, ragowar dajin an raba shi tsakanin kamfanonin katako da masu hayar yankunan farautar nishaɗi, inda baƙo daga ƙetare ke biyan maƙudan kuɗi ya harbe bongo, wata babbar barewa ja mai fararen zane. Sai ya zamana mutumin da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin shi ne ɓarawo idan ya kama gada, baƙon kuma mai lasisi ne. Dokar da ta kafa Lobeke ta ware wani sashe da jama'a za su riƙa shiga don kamun kifi da tsintar 'ya'yan itace, amma shekara da shekaru mutane sun yi ta kukan cewa a bakin shinge ba haka abin yake ba.

Daga nan koke-koken duka da ƙona bukkoki da ƙwace kayan farauta suka yi ta fitowa. A 2016 ƙungiyar Survival International, mai kare haƙƙin 'yan asalin kurmi da makamantansu, ta shigar da ƙorafi a kan WWF game da kudu maso gabashin Kamaru, a 2019 kafar BuzzFeed News ta wallafa nata binciken, WWF kuma ta naɗa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Navi Pillay, tsohuwar shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Rahoton da ya fito a watan Nuwamba na 2020 bai sami hujjar cewa ma'aikatan ƙungiyar sun ba da umarnin cin zarafi ko sun shiga ciki ba, amma ya nuna cewa a Kamaru labarin ya kai kunnensu tun 2008, kuma ba a ɗauki matakin da ya dace a kan lokaci ba, alhali ana ci gaba da tallafa wa masu gadin, waɗanda ma'aikatan gwamnati ne. Adalci ne a faɗi cewa masu gadin su ma a bakin mutuwa suke aiki, domin a ƙarshen 2016 mafarauta sun harbe ɗaya daga cikinsu a Lobeke har lahira. Amma bindigar da ke kashe giwa ba ta Baka ba ce. Mai kuɗi a gari ne yake ba da ita da harsashi, ya ɗauki ɗan kurmi ya nuna hanya a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, in an yi kame kuma shi ɗin ake samu a daji. An daɗe ana barin jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, ilmin mutanen da aka kora shi ne jarin gandun. Gwaggon birin da baƙi ke biyan kuɗi su kalla a Bai Hoku da Mondika ta gefen Kongo, sai da masu bin sawu 'yan BaAka suka yi shekaru suna bin su kullum, suna karanta karyayyen ganye da ragowar abinci, kafin dabbobin su yarda mutum ya matso. Idan aka yanke molongo, to an yanke makarantar da ke fitar da irin waɗannan mutane.

An yi gyare-gyare, kuma ba daidai suke a ƙasashen uku ba. Tsarin Dzanga-Sangha tun asali ya fi sassauci, domin keɓaɓɓen yankin da ke kewaye da gandun ya halatta farautar gargajiya, kuma an tanadi kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigar baƙi ya tafi ga ayyukan al'umma. A Bayanga an buɗe cibiyar kare haƙƙi inda ɗan BaAka zai kai ƙara a taimaka masa da lauya da takardar haihuwa, kuma rahoton Pillay ya yaba da ita. A Kongo an ba Mbenjele na'urorin hannu masu hotuna maimakon rubutu, suka riƙa yi wa itatuwan tsutsa da kaburbura da wuraren tsafinsu alama don masu yanka su kauce musu. A Kamaru sai a watan Fabrairu na 2019 ma'aikatar daji ta sa hannu da ƙungiyar Baka mai suna ASBABUK a kan takardar da ta ba su damar komawa Lobeke da gandun maƙwabta don al'adunsu da neman abinci. Kuɗin baƙi kuwa ba abin jingina ba ne, yaƙi ya tsayar da shi a 2013, annobar korona ta sake tsayar da shi a 2020. Ƙasashen uku sun daidaita yadda mai gadi zai ƙetara kogi tun a shekarun 2000, amma haƙƙin ɗan kurmi har yanzu ya danganta ne da gaɓar da aka haife shi.

Kasuwa da kwalta

Abin da ke fita daga Sangha ba a bakin kogin yake tsayawa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fatake Hausawa ke gangarowa daga Ngaundere zuwa Sangha ta sama suna sayen haure, a zamanin da cinikin halas ne a idon kowa. Yau hanyar ta sauya fuska: haure da ɓawon ɗankunya suna bi ta Yokaduma zuwa Duwala, ko su ƙetara zuwa Najeriya, wadda ta zama babbar mashigar wannan fatauci zuwa Asiya. A watan Afrilu na 2019 jami'an Singafo sun kama kwantena da ta taso daga Najeriya ɗauke da kusan tan 13 na ɓawon ɗankunya. Akun da ake gani a keji a kasuwanninmu ma daga irin wannan kurmi yake, kuma filayen Lobeke sun yi fama da masu kama shi da danƙo da raga kafin a haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2016, a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji. Sintirin ƙasa uku ba ya isa tashar jiragen ruwan Legas.

A yanzu kuma ana gina babbar hanyar da za ta haɗa Wesso da Bangi har zuwa Njamena, da gada a kan Kogin Sangha, kuma za ta ratsa dajin da ke katange gandun ta gefen Kongo. Mutanen Pokola da ƙauyukan da ke bayanta, waɗanda mara lafiyarsu ke jiran jirgin fito kafin ya kai asibitin Wesso, suna da gaskiya idan suka yi maraba da ita. Kwamitin UNESCO ya nemi ƙasashen su auna tasirin hanyar a kan gandun kafin a ci gaba, saboda hanyar kamfanin katako ana toshe bakinta da gungume idan an gama aiki ciyawa ta rufe ta, wannan kuwa ta kwalta ce, an gina ta ne don manyan motoci su bi dare da rana.